Mun ce Baba ya huta, ashe ba irin hutun da yake so ba kenan

Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma duk sanda na ɗauko waya sai in ajiye, saboda magana ce ta mahaifina kuma akwai laifina a ciki. Jiya ne wani abokin aikina yake bani labari cikin murna cewa ya gama gininsa a Kubwa, ya ware ma mahaifiyarsa ɗaki guda mai banɗaki a ciki, zai je ya ɗaukota daga gida ta dawo gabansa "ta huta haka nan, wahalar ta isa". Na tayashi murna har zuciyata don niyya ce mai kyau, Allah ya bashi ladanta, amma kalmar hutun nan ta tsaya mun a rai har na dawo gida, don muma da ita muka fara.

Baba malamin makaranta ne, firamare ya koyar har ya kai hedimasta, ya cika shekara 35 yana aiki ya yi ritaya tun kafin dokar 2022 da ta ƙara ma malamai wa'adi zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Kuma gaskiya bayan ritayar bamu ga ya canza ba, in ma ba ƙara kuzari ya yi ba. Gidanmu cikin birnin Kano yake, irin lungun nan da mota bata shiga sai dai ka ajiyeta a bakin titi ka taka. Asuba yana sahun farko, ya zauna lazimi har gari ya waye tangaran, ya dawo ya kunna rediyonsa ya ji BBC yana shan koko, kafin hantsi zaure ya fara karɓar mutane, wannan ya kawo takardar asibiti a karanta masa, wancan ɗansa ne ya ƙi makaranta a yi masa faɗa, wata bazawara ta aiko a duba mata lissafin gado kafin a je wajen alƙali. In damina ce ya hau adaidaita sahu ya leƙa 'yar gonarsa. La'asar na yi kuma sai dakalin ƙofar masallaci, su tara ne a majalisar, wasunsu tare aka kaisu makarantar allo, suna nan sai an kira magariba.

A ƙarshen 2021 Allah ya yi ma Inna rasuwa. Bayan an yi sadakar arba'in muka zauna mu 'ya'yansa, kowa ido ya kumbura, muka ce ba zai yiwu mu bar tsoho shi kaɗai a gidan nan ba, wa zai dafa masa, wa zai tuna masa maganin hawan jini. Ni ne babba, ni nake da ɗakin da ba kowa, don haka aka ce ya biyoni Abuja. Da na same shi da maganar bai yi musu ba, ya ɗan yi shiru yace "to duk yadda kuka gani". Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin amincewa, alhali wanda ya san Baba ya san in yana son abu ba haka yake amsawa ba.

Wallahi ba abin da ban tanada ba. Katifa sabuwa, iyakwandishan, talabijin a ɗakinsa na saita masa tashar da ke nuna Harami dare da rana, maiɗakina tana masa tuwon dawa miyar kuka yadda yake so, ba mai bari ya ɗauki ko buta. Kullum maganarmu ɗaya ce, Baba ka huta, Baba zauna a kawo maka, Baba bari yara su yi. Gidan a rukunin gidajen nan ne na wajen Lugbe masu geti biyu, baƙo baya shigowa sai an kira ka a waya ka tabbatar, masallaci kuma sai da mota. Mu fita ƙarfe shida da rabi saboda cunkoson hanyar filin jirgi, yara su tafi makaranta su dawo su wuce islamiyya, daga safe har yamma ba kowa a gidan sai shi da ƙarar firji. Maƙwabcina na jikin katanga shekara huɗu muna tare ban san sunan 'ya'yansa ba, to wa zai shigo ya gaida tsoho?

Wata ranar Laraba na dawo da wuri na hango shi a bakin babban geti, zaune kan bencin maigadi da hularsa a gwiwa, maigadin wani saurayi ne mutumin Nijar yana ta fifita gawayin shayi, Baba riƙe da wani kwalin sabulu da aka yage yana rubuta masa baƙaƙe da biro, yaron yana bi da yatsa. Maimakon in ji daɗi sai naji kunya ta kamani, wai mutanen unguwa za su ce na bar mahaifina yana zaman geti. Na tsaya nace Baba shigo mota mu ƙarasa, rana ta yi yawa. Da dare na ja yaron gefe nace ya dinga barin tsoho ya huta, kar ya dinga damunsa. Har yau in na tuna wannan maganar sai naji ƙirjina ya yi nauyi. Bayan kwana biyu Baba ya lura yaron yana kauce masa, ya kirani, kasancewar ni ɗan fari ne baya faɗin sunana sai dai yace kai, yace "kai, yaron nan ka masa magana ko? Duk garin nan shi kaɗai ne yake tambayata wani abu." Bai ƙara komai a kai ba, ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Daga nan ne abubuwa suka fara sauka a hankali. Abinci sai ya ci loma uku ya ture, barci ya ƙaurace masa, ƙarfe biyun dare zaka ji motsinsa a falo. Rediyon da baya rabuwa da ita ta koma kan durowa batir ya mutu bai ce a saya ba. Mutumin da ko zaure ba ya fita sai da babbar riga da turare ya koma kwana uku da jallabiya ɗaya. Ya fara tambayar yau wace rana ce, sai ya tambaya sau biyu kafin azahar, har ƙanwata ta fara kuka a waya tana cewa rikicin tsufa ne ya kama Baba. Muka je asibiti aka yi gwaje-gwaje, jini ya ɗan hau, suga lafiya lau, sauran ma ba wani abun tashin hankali. Likitar, Allah ya saka mata da alheri, ta ajiye takardun ta kalleni tace "da wa yake hira in kun fita aiki?" Na buɗe baki na rasa amsa. A mota muna dawowa shi da kansa yace mun "ai ni kullen korona ne ya dawo mun", yana nufin watan Afrilun 2020 da aka rufe Kano aka hana jam'i, yace ko a lokacin ma gara, don yana jin muryar maƙwabta ta saman katanga kuma Inna tana nan.

Bayan wannan ne na shiga karance-karance, na gano ashe abun ba a kan Baba kaɗai yake ba kuma ba ciwon Turawa bane kamar yadda muke ɗauka. A nan Najeriya Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na jami'ar Ibadan sun bi tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, sakamakon da suka fitar a 2007 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa. Mu kuma a wajenmu ba ma kiransa da wannan sunan, sai mu ce "tunani ya masa yawa" ko "jikin ne kawai ba daɗi", a sayo maganin ƙarin jini a wuce wajen. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar rashin cuɗanya da mutane ga tsawon rai tana kama da ta shan taba kara 15 a rana, Ingila kuwa tun 2018 ta naɗa minista da aka ɗora ma kula da matsalar kaɗaici. Da na karanta sai na tuna yadda nake tsare Baba kan gishiri da man gyaɗa, ina ƙirga masa ƙwayoyin magani, amma na cire shi daga cikin mutanensa gaba ɗaya ban ga hakan a matsayin haɗari ba.

Abin da na fi daɗewa ina juyawa a rai shi ne, mu da su ba abu ɗaya muke nufi da hutu ba. Ni in nace zan huta, ina nufin in kashe waya in kwanta kar kowa ya nemeni, don mako guda ana ta jana nan da can. Shi kuwa Baba tunda nake ban taɓa jin yace zai je shaƙatawa ko yana neman nishaɗi ba, waɗannan kalmomin na yara ne a wajensa. Cewa yake "zan je in dubo wane baya jin daɗi", "zan leƙa gona", "akwai ɗaurin aure a Gwale", "bari in je a yi jana'iza da ni". Kuma in ka bishi zaka ga a can ne yake dariyarsa, a can yake jin labarin duniya, dubiyar minti goma sai ta koma hirar awa biyu ana tuna zamanin Sardauna da farashin buhun gero a da. Wato jin daɗin yana nan, amma sai an naɗe shi cikin zumunci ko lada ko wani amfani kafin ransa ya karɓa. Zama haka kawai ba dalili sunansa zaman kashe wando, mutumin da ya yi shekara 35 yana korar yara daga zaman banza ba zai iya shi ba ko da a kan katifar miliyan ne. Yana yawan kawo hadisin nan na ni'imomi biyu da mutane da yawa suke asararsu, lafiya da sararin lokaci. Lokacin da ba a yi komai da shi ba a wajensa bashi ne da za a tambaye shi, mu kuma muka tara masa shi tuli muna cewa kyauta ce.

Ko dara da ake yi a gefen majalisarsu haka take. Ramuka 30 ne a ƙasa an tona da dutse, kowa da 'ya'yansa 12, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa, ka jera uku ka ci na abokin wasa. Baba baya sa hannu, yana ganin bai dace da wanda ya yi hedimasta ba, wani malamin cikinsu ma cewa yake ɓata lokaci ne, amma duk su biyun suna zaune a wajen suna kallo, in wani ya yi kuskure kaji Baba yace "ka kashe gidanka". Masu yin kuma in ka tambayesu cewa za su yi suna jiran la'asar ta yi sanyi ne ko suna jiran magariba. Ba wanda zai yarda wasa ya fito. Amma a wannan zaman ne ake gane wanda bai fito ba yau, a tura yaro ya dubo ko lafiya, a nan ake sanin wanda fanshonsa ya maƙale a haɗa masa ɗan abin cefane ba tare da an kunyata shi ba, a nan ake tsokanar juna da sunayen yarinta da ko 'ya'yansu basu sani ba. Wata farfesa a jami'ar Stanford mai suna Laura Carstensen ta daɗe tana bayanin cewa in mutum ya ga sauran lokacinsa ya taƙaita, baya damuwa da tara sababbin abokai ko ganin sababbin wurare, yafi son 'yan mutanen da suka san shi tun asali da abubuwan da suke da ma'ana a zuciyarsa. Shi yasa da na kai Baba Jabi ya ga tafki da manyan kantuna yace masha Allah kawai, ya tambayeni ko akwai kati a wayata ya kira wani abokinsa da aka ce ƙafa ta matsa masa.

Na mata ma haka ne ko ya fi. Gwaggona, yayar Baba, ta haura tamanin, har yau tana da tiren kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa a tsakar gida, 'ya'yanta sun yi faɗan sun gaji, suna cewa ana zaginsu a gari wai sun kasa riƙe uwarsu. Ribar ba ta kai kuɗin katin da suke tura mata ba. Amma tiren nan shi ke kawo mata yara 'yan aike daga safe har dare, kowanne ta tambayeshi ya uwarka, ta san wadda ta haihu da wadda ta yi yaji da wadda miji ya tafi ci-rani, in an yi suna ita ake fara aiko ma goro, tana zubin adashi da kuɗinta na kanta, jika ya zo ta kira shi mijinta ta ce bai kawo cefane ba ta ɗaura masa naira hamsin a hannu. Ranar Asabar da Lahadi kuma tana zuwa islamiyyar matan aure, ita ce mafi tsufa a ajin, tana nan tana fama da izu na biyu kuma ba ta fashi. A ɗauke mata tiren nan a ce ta huta, an ɗauke mata unguwar gaba ɗaya.

Kar kuma a ce ina zuga talauci ne ko ina cewa a bar tsofaffi su yi ta wahala. Akwai bambanci tsakanin Gwaggo da take sana'a don ranta yana so, da dattijon da zaka gani da furfura fal yana tura kurar ruwa ko yana gadin shago da dare don in bai yi ba gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Wannan hutu na gaske yake buƙata kuma haƙƙinsa ne a kanmu. Akwai 'yan fanshon da lokacinsu ya ƙare a layin tantancewa da jiran garatuti, zaman majalisar ma ba ya musu daɗi don tunanin abin da za a ci ya cinye hirar. Yawancin tsofaffinmu ma manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, basu da wani fansho, ritayarsu ita ce ranar da jiki ya ƙi. Gwamnatin tarayya tana da cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, dokarta ta 2017 ce aka sa mata hannu a farkon 2018, ana kuma bikin ranar tsofaffi ta duniya duk 1 ga Oktoba, amma a lungunmu abin da tsoho yake jingina da shi har yanzu 'ya'yansa ne da masallaci da dakali. Shi yasa kuskurenmu mu 'ya'ya yake da tsada.

Wata huɗu Baba ya yi a wajena. Ranar da nace masa Baba ko in maida kai gida ne, bai ce eh ba bai ce a'a ba, amma kafin in fito daga wanka ya haɗa jakarsa ya ɗora hula. Kafin mu tafi ya sa na tsaya a geti, ya ba yaron nan littafin koyon karatu na 'yan aji ɗaya da ya sa aka sayo masa a ɓoye, ni kuma na nemi yafiyar yaron. Muka sake tsari, ƙaninmu da matarsa suka koma ɓangare ɗaya na gidan, ni na ɗauki nauyin cefane da magani, ƙanwata tana zuwa duk Juma'a. Da muka shiga lungun tun daga bakin titi aka fara "Malam ya dawo, Malam ya dawo", mai shayi ya baro teburinsa, kafin magariba zaure ya cika, naga mutumin da yake tura abinci a gidana ya cinye kwanon tuwo yana magana da ƙarfi yana gyara ma wani lissafin shekarar da aka yi gobarar kasuwa. Ban ƙara jin ya tambayi wace rana ce ba, don Litinin akwai karatun littafi bayan magariba, Laraba akwai zaman kwamitin masallaci, Juma'a kuwa tun safe ake fito da babbar riga.

Ba wai komai ya koma daidai bane. Kewar Inna tana nan, wani lokacin ƙanina yace yana tarar da shi zaune a ƙofar ɗakinta shiru. Gwiwa ta hana shi zuwa gona, mun bada ita noma sai dai a kawo masa labari da damin da aka samu. Majalisar mutum tara kuma yanzu saura huɗu, kowace rasuwa sai ta kwantar da shi kwana biyu, na ƙarshen da ya rasu shi ne wanda yake zama a damansa tun ina yaro. Abin da ya ɗan kwantar mun da hankali shi ne wasu magidanta 'yan shekara hamsin da wani abu sun fara zama da su, su ma suna hango tasu ritayar, sannan yaran lungu huɗu suna zuwa zaure bayan la'asar yana duba musu aikin gida, ya ma sa an sayo masa allo da alli.

Abokin aikin nawa na bashi labarin nan duka yau da safe. Ban ce masa kar ya ɗauko mahaifiyarsa ba don kowane gida da halinsa, wata tsohuwar ba ta da kowa a can kuma gaban ɗanta shi ne rufin asirinta. Nace dai ya je ya kwana biyu a wajenta tukuna, ya zauna ya ga su wa suke shigowa daga safe zuwa dare, me take yi da hannunta, ina take zuwa, sannan ya tambayeta ita me take so, kuma in tace "duk yadda kuka gani" ya sake tambaya. Yace zai je ƙarshen wata. Ni ma ƙarshen watan zan shiga Kano, Baba ya aiko tun makon jiya cewa rumfar dakalin ta yage kuma damina ta kusa, in taho da kuɗin kwano bandir ɗaya da kafinta.